Maryamu da Begen Rai Madawwami a Bangaskiyar Katolika



An nemi in yi bayani a kan dalilin da ya sa mu 'yan Katolika muke kiran Maryamu uwa, da kuma abin da ya haɗa wannan da lahira. Tun farko in faɗa cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, haka Ikilisiya take koyarwa. Maryamu kuwa girmama ta muke yi, muna roƙonta ta yi mana addu'a, kamar yadda ɗa kan durƙusa gaban mahaifiyarsa ta sa masa albarka kafin ya kama hanya.

Abin ya samo asali tun a gindin gicciye. Bisharar Yohanna ta nuna cewa Yesu, yana gab da cikawa, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirinsa, ya kuma danƙa almajirin gare ta. A wurinmu wannan almajiri yana tsaye ne a madadin kowane mai bi. A shekarar 431 bishof-bishof suka taru a Afisa, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, suka tabbatar da cewa ya dace a kira ta Uwar Allah, domin ɗan da ta haifa Allah ne kuma mutum ne. 'Yan'uwanmu Musulmi sun bambanta da mu a nan, amma mun haɗu wajen ganin darajarta, domin Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunanta, ta 19.

Inda nake so mu daɗe shi ne ranar 1 ga Nuwamba 1950. A ranar Fafaroma Pius na 12 ya shelanta a Roma cewa da Maryamu ta gama zamanta na duniya, Allah ya ɗauke ta zuwa sama, jiki da ruhu. Ku dubi lokacin. Shekara biyar ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa aka ƙona jikunan mutane a sansanoni, bam ya narka wasu a Hiroshima. A irin wannan duniya Ikilisiya ta ɗaga murya ta ce jikin ɗan Adam yana da makoma a wurin Allah. Abin da aka yi wa Maryamu, mutum 'yar'uwarmu, shi muke jira ranar tashin matattu. Shi ya sa kowace ranar 15 ga Agusta muke bikin wannan ɗaukaka.

Wanda yake so ya ga wannan koyarwa tana aiki, ya leƙa ɗakin majinyaci a Jos ko Kano idan 'yan Zumuntar Mata Katolika sun zo dubiya. Suna zagaye gadon, kowace da carbinta a hannu. Ɗaya ta ja addu'a, sauran su amsa, har sau hamsin, kuma kowane zagaye yana ƙarewa da roƙon Maryamu ta yi mana addu'a yanzu da kuma sa'ar mutuwa. Tsohuwar da ke kwance, ko ba ta iya buɗe baki, sai ka ga yatsunta suna bin 'ya'yan carbin.

Wannan bege ba ya rufe ido ga bala'i. A Kibeho ta ƙasar Ruwanda, daga shekarar 1981, wasu 'yan mata 'yan makaranta suka shaida cewa Maryamu ta bayyana gare su tana kira ga tuba. A 1994 aka yi wa jama'a kisan ƙare dangi a cocin garin. A 2001 Ikilisiya ta amince da bayyanar, kuma har yau masu ziyara suna zuwa can neman gafara da sulhu.

Saboda haka, jama'a, wanda ya gaskata cewa jiki zai tashi, dole ya mutunta jikin ɗan'uwansa tun yana raye. Ya kai mara lafiya asibiti, ya ciyar da maraya, ya ƙi zubar da jini ko da sunan wane ne aka kira shi. Da wannan ma'auni nake roƙon ku auna ibadarmu, mu ma mu auna kanmu da shi.