AMSOSHIN WASIƘUNKU: Da Iska Ake Yin Takin Zamani?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa ya gama sakandare, yana so ya karanta ilmin harhaɗa sinadarai, wato kemistiri, domin wai yanzu ana koyar da hanyar yin takin zamani da iska da ruwa da hasken rana. Shi kuwa yana ganin gara yaron ya zauna a rumfa ya koyi ciniki. Tambayarsa biyu ce: shin maganar yaron gaskiya ce, kuma karatun yana da wata rana ga talaka?

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Maganar yaronka gaskiya ce, sai dai tana da sauran bayani. Gyara zama ka ji.

Abin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 nasa. Wannan naitirojin kuwa ba haƙo shi ake yi ba. Yana nan cikin iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata shi ne. Wato abincin masara yana shawagi a kan gonarka dare da rana, amma ba ta iya cinsa a haka, sai an ɗaure shi da wata iskar mai suna haidirojin, su zama amoniya. Daga amoniya ake yin yuriya.

Wani Bajamushe mai suna Fritz Haber shi ya nuna yadda za a yi wannan ɗauri a shekarar 1909. Wani kuma, Carl Bosch, ya mai da dabarar ta zama masana'anta, aka buɗe ta farko a garin Oppau na Jamus a 1913. Iskokin nan biyu ba sa son haɗuwa, sai an tilasta musu. Ana gasa su da zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500, a matse su matsin da ya ninka na iskar da muke ciki sau 150 ko fiye, sannan a bi da su ta kan garin ƙarfe. Kai da kake kasuwa ka san aikin dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba. To aikin ƙarfen nan ke nan.

Ina ake samun haidirojin ɗin? Nan gizo ke saƙa. Yawancin masana'antu daga iskar gas suke tatso shi, wasu kuma, musamman a ƙasar Sin, daga gawayin kwal. Wutar gashin ma da gas ɗin ake hura ta. Shi ya sa kuɗin taki yake bin kuɗin gas kamar jela. Ka tuna yadda buhu ya yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, lokacin da gas ya yi tsada a duniya, ga kuma yaƙin Rasha da Yukiren. Mu nan Nijeriya muna da gas, muna da masana'antun yuriya, akwai ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, akwai ta Ɗangote a Lekki wadda aka ƙaddamar a 2022, da aka gina don yin tan miliyan 3 a shekara. Amma yuriya haja ce ta kasuwar duniya, in ta tashi a can, sai mun ji a nan.

Bayan tsada akwai ɓarna. Duk tan ɗaya na amoniya da aka yi da gas yana sakin kusan tan 2 na iskar kabon, irin wadda ke ɗumama duniya tana rikita damina. Duniya kuwa tana yin amoniya wajen tan miliyan 180 kowace shekara. Ka ga abin da ke ciyar da gona yana da hannu, ko yaya ne, a cikin abin da ke sa ruwan sama ya zo a makare ko ya zo da ambaliya.

To sabuwar hanyar da yaronka ya ji labari ita ce a bar gas, a samo haidirojin daga ruwa. Ruwan nan da muke sha haɗin haidirojin ne da oksijin. In aka sa masa wutar lantarki a cikin wata na'ura, sai ya rabu gida biyu. In lantarkin daga hasken rana ko iska ko madatsar ruwa ya fito, to an yi amoniya ba tare da hayaƙin gas ba. Dabarar ma ba yau aka fara ta ba. A Aswan ta ƙasar Masar an yi taki da lantarkin madatsar kogin Nilu tun wajen 1960, a Kwekwe ta Zimbabuwe ma an yi shekaru ana yi. Arhar gas ce ta sa aka yi watsi da ita. Yanzu da faifan sola ya yi sauƙi, an sake waiwayarta. A 2022 an buɗe irin wannan na'ura a Puertollano ta ƙasar Sifen, tana aiki da hasken rana tana ba masana'antar taki haidirojin. A 2023 kuma an kafa wata 'yar ƙarama a wata gona kusa da Naivasha ta ƙasar Kenya, mai iya yin kimanin tan ɗaya a rana, a nan cikin gonar ake yi, a nan ake zubawa.

Amma fa Malam, kada a ce rediyo ta ce gobe taki zai zama kyauta. Tan ɗaya na amoniyar ruwa yana cin lantarki kimanin yunit 10,000, na'urorin kuma suna da tsada, saboda haka har yanzu ta gas ta fi arha. Rana tana faɗuwa, masana'anta kuwa ba ta son a kashe a kunna. Sannan yin yuriya yana bukatar iskar kabon, wadda a tsohuwar hanya daga gas ɗin take fitowa, a sabuwar kuwa sai an nemo ta wani wuri. Waɗannan su ne ƙullin da ba a gama kwancewa ba, kuma su ne aikin da ke jiran yara irin naka.

Wannan tunani na yin sinadarai ba tare da ɓarna ba ya zama fanni guda na ilmi. A 1998 wasu masana biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara masa ƙa'idoji 12. Ga kaɗan a taƙaice: hana datti fitowa ya fi share shi, a rage wutar da ake ci, a yi aiki da abin da ba ya ƙarewa, a guji guba in akwai madadinta. Ba taki kaɗai ya shafa ba, har da sabulu da rini da maganin ƙwari da jimar fata.

Game da karatun, ba sai ya ƙetare teku ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen kemistiri da na injiniyan sinadarai, Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su ma suna koyarwa. A Basawa, can Zariya, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya riƙe lissafi da fizik da kemistiri da Turanci da kyau. Ya kuma koyi kwamfuta da aikin lantarkin sola, domin sabbin na'urorin da su suke tafiya. Karatun yana da tsawo, na injiniya shekara 5 ne, kuma ba wanda zai yi maka alkawarin aiki ranar da ya gama. Shawarata, in da hali ka bar shi ya tafi, lokacin hutu ya dawo rumfa. Wanda ya san sinadari kuma ya san abin da manomi ke iya saye, ya fi wanda ya san ɗaya.

Kafin nan, kai ma kana da masana'anta a gonarka. Tuge wake ko gyaɗa ko waken suya, ka dubi saiwar, za ka ga 'yan ƙulalai. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to wasu ƙwayoyin halitta suna nan suna kamo naitirojin daga iska, ba gas, ba wuta, ikon Allah. Masana har yau suna nazarin yadda za su kwaikwayi wannan. Saboda haka ka riƙa juya shuka, inda ka sa waken suya bana, ka sa masara baɗi.

Yuriyar da ka saya da tsada kuma, kada ka watsa ta a sarari. In ta kwana a kan ƙasa rana ta buge ta, wani kaso nata yakan koma iskar da aka ɗauko shi. Ka tona ɗan rami gefen shuka, tazarar kamar tsawon yatsa, ka zuba ka rufe, lokacin da ƙasa ke da laima. Ka raba zubin kashi biyu maimakon ka juye gaba ɗaya. A Indiya tun 2015 gwamnati ta sa ana shafa wa yuriya man darbejiya, don ta daɗe a ƙasa shuka ta ci a hankali. Ga darbejiya nan a ƙofar gidan kowa, wannan ma wani abin bincike ne da yaronka zai iya ɗauka.

To Malam, da fatan mun fid da kai daga duhu. Ka gai da yaron, ka ce muna yi masa fatan alheri. Allah ya ba mu damina mai albarka.