Gamon Kaffur: Nasarar Kunne da Sanin Ƙasa

 

Babu Bahaɗejen da zan tsaya ina gaya wa wane ne Sarkin Haɗeja Buhari ɗan Sambo, ko yadda kisan Sarkin Auyo Nalara ya haɗa shi da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, har aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya kuma dawo ya ƙwace garinsa a 1851. Saɓanina da abokan aikina a kan abin da ya biyo baya ne. Wasu sun laƙaba masa ɗan tawaye sun rufe littafi. Mu kuma nan gida mun mai da yaƙe-yaƙensa labarin laya da guru da kirari. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar da ta dame ni shekara da shekaru: yaya aka yi masarauta guda ta tarwatsa gayyar da Sakkwato ta tara daga ƙasashe da dama, har da rundunar Kano, a Kaffur?

Amsata ita ce, Buhari ya riga su jin labari, kuma ya fi su sanin ƙasar da suka taka.

Gayya irin wannan ba ta ɓoyuwa. Sai an aika takardu, an tara dawa da gero, an nemi harawar dawaki, an jira na nesa su iso. Duk wannan a idon fatake ake yin sa, su kuma fatake kasuwa suke ci, daga wannan gari zuwa wancan. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851, kuma ya rubuta labarin Buhari da shirinsa na komawa Haɗeja. To, idan baƙo mai wucewa ya ji wannan a kan hanya, ina ga sarkin da ransa ya rataya a kan jin motsin abokan gāba? Ruwayar da muka gada ta ce Buhari ya auka wa sansanin ne ba zato ba tsammani. Ba ka yi wa mutum ba-zata sai ka san inda ya sauka da lokacin da ya kwance sirdi.

Sai kuma ƙasar kanta, kuma nan nake so mu daɗe. Kudu da Haɗeja fadama ce. Kogi yana rarrabuwa, ya bar tafkuna da kwari da baƙar laka. Da damina doki yakan nutse har gwiwa, balle mai ɗauke da barde da lifidi. Da rani lakar ta bushe ta daddare, ramukan da kofaton shanu suka bari su ƙandare, dokin da bai saba ba ya yi ta tuntuɓe. Mashigin da za a haye, da tudun da za a kwana, masunta da 'yan fito da makiyaya ne suka san su, kuma waɗannan talakawan Buhari ne. Baƙuwar runduna dole ta nemi ɗan jagora, ta bi hanya ɗaya a jere. Yawanta sai ya zame mata kaya.

Masu cewa rashin jituwar shugabannin gayya ne ya jawo karayar, na ji su. Ko da hakan ne, sai wanda ya sami labarin ɓarakar zai iya cin moriyarta.

Ku duba 1906, lokacin da wannan dabara ta juya kan Haɗeja. Turawa sun daɗe suna nazarin garin nan, Kyaftin Phillips, wanda ake ce wa Mai Tumbi, yana cikinsu. Bayan sun gama da boren Satiru, sai suka zo ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ranar 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara, fadama ta bushe, babu abin da zai tare igwa. Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tsaya ya yi yaƙi har ya faɗi, Allah ya jiƙansa. Bindiga ta yi aikinta, ban musa ba, amma sanin gari da zaɓen lokaci sun riga ta isowa.

Abin da na daɗe ina roƙo shi zan maimaita. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya zuwan ruwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, fadamar yau ba ita ce ta zamanin Buhari ba. Dattawan da suka san tsofaffin mashigai kafin Tiga suna ƙarewa. A tura ɗaliban tarihi na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su zauna da su a Kaffur da Auyo, su naɗi muryarsu, su zana taswira. A kuma hana gini da ɗiban ƙasa a ragowar ganuwar Haɗeja.