Jami'ar Jihar Kaduna: Wa Zai Ɗauki Nauyin Girmanta?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu

Zan yi tsokaci a kan al'amarin da ya shafi kowane gida a Kakuri, Makera, Barnawa, Nasarawa, Narayi da Sabon Tasha, wato kuɗin da ake tafiyar da Jami'ar Jihar Kaduna da su.

Kamar yadda da yawanmu suka sani, an kafa wannan jami'a ne a 2004, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, da harabobi biyu, ɗaya a cikin garin Kaduna, ɗaya a Kafanchan. Daga wancan lokaci ta bunƙasa ƙwarai. Ana koyar da aikin likita da haɗa magunguna, asibitin Barau Dikko ya zama asibitin koyarwarta, a Kafanchan kuma ana karatun aikin gona da nazarin muhalli. Wannan abin alfahari ne. To amma kowane sabon sashe yana zuwa da bukatunsa: malamai, ɗakin gwaje-gwaje, littattafai, wutar lantarki da ruwa. Ɗalibin likita ba alli da allo kaɗai yake bukata ba.

Jama'a, hanyoyi uku ne manya kuɗi ke shigowa jami'ar jiha. Ta farko ita ce kason da gwamnatin jiha ke bayarwa, wanda akasarinsa albashi ke cinyewa. Ta biyu ita ce asusun TETFund na Gwamnatin Tarayya, wanda asalinsa dokar harajin ilimi ce ta 1993, aka sake masa fasali a 2011 ya koma na manyan makarantu kawai. Wannan asusu yana gina ɗakunan karatu, yana tura malamai ƙaro ilimi, amma ba ya biyan albashi. Ta uku ita ce kuɗin makaranta da iyaye ke biya. Duk ranar da hanya ta farko ta ƙafe, ta biyu ba za ta cike gurbinta ba, sai nauyin ya gangaro kan ta uku, wato aljihunmu.

Mun ga haka da idonmu a 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin makarantar zuwa Naira 150,000, bayan a da 'yan dubbai kaɗan ne sama da ashirin. Hujjar gwamnati ita ce abin da ake karɓa bai kai ko kusa da abin da ake kashewa kan ɗalibi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata biyar cur, bai ci bai sha ba, kafin ya biya wa ɗa guda. A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin ɗari, kuɗin ya koma Naira 105,000, iyaye suka yi hamdala. Tambayar da ta rage ita ce: gibin da ragin ya bari a asusun jami'a, daga ina za a riƙa cike shi kowace shekara? Idan babu tabbatacciyar amsa, ɗalibi zai biya ta wata fuska: cunkoson aji, kayan aikin da suka lalace, da yajin aikin da ke mayar da karatun shekara huɗu ya zama na shida.

Me ya sa wannan ya fi damun mu mazauna kudancin kogin Kaduna? Domin a da yaro yana iya gama sakandare ya sami aiki a masaƙa. Masaƙar KTL da Sardauna ya kafa a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. 'Ya'ya da jikokin waɗannan bayin Allah ba su da ƙarfin jami'o'i masu zaman kansu. Jami'ar jiha ce kusa da su, wadda yaro zai hau mota ya tsallaka gada ya yi karatu, ya dawo ya kwana gidan ubansa.

Tarihi ma ya bar mana darasi. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ta rene ta har Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975. Amma a yau jami'o'in jihohi sun yi yawa, kada mu zauna jiran wani ya zo ya sauke mana kayanmu.

Don haka ina ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar da za ta ware wa jami'ar wani tsayayyen kaso na kuɗin shigar jiha, ana sakinsa wata-wata, yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rabon da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru, ya kamata ilimi ya ga alamarsa. Na biyu, a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka saki, ba abin da aka rubuta a kasafi kawai ba, domin alkawari a takarda ba ya sayen man janareta. Ita ma hukumar jami'a ta buga yadda ta kashe abin da ta karɓa. Na uku, kada a buɗe sabon sashe sai an tanadi malamansa da kayan aikinsa. Masu iya magana sun ce da sabon gini gara yaɓe. Na huɗu kuwa namu ne. Mu kafa asusun tallafin karatu a wannan ƙungiya, mu kuma naɗa kwamitin da zai taimaki yaranmu su cika takardun asusun bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, tare da fahimtar da su cewa bashi ne, za a biya.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta waɗannan bukatu, su kai wa wakilanmu na majalisa kafin a gabatar da kasafin kuɗi mai zuwa, sannan a taron baɗi su gaya mana amsar da aka ba su.