Gasa Biyu Da Aka Haifa A 1934: Wembley Da Matan Fada

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Kabi)



An nemi mu ce wani abu game da tarihin wasanni, sai muka ga ya dace mu ɗauki gasa biyu waɗanda aka haifa a shekara guda, wato 1934. Ɗaya ita ce gasar ƙwararrun 'yan wasan tanis ta Wembley a birnin Landan, ɗayar kuwa tamu ce, gasar kamun kifi ta Argungu. Dukansu fagen maza ne, kuma dukansu an tsara su ne a riƙa yi shekara-shekara. Ta Landan ta kwanta dama tun 1990, tamu tana nan da ranta. Dalilin haka muke so mu bincika, domin masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da ta Turawa. A wancan zamani 'yan wasan tanis kashi biyu ne. Akwai masu yi don sha'awa, akwai waɗanda suka mai da shi sana'a. Duk wanda ya karɓi kuɗi a fili, to an rufe masa ƙofar Wimbledon da sauran manyan gasa. Saboda haka 'yan sana'a suka nemi zauren kansu, suka same shi a wani katafaren gini mai rufi da aka buɗe a Wembley a 1934. Asalinsa wurin iyo ne, shi ya sa ake ce masa Empire Pool. Rufin nan ya sa ana iya wasa ko da sanyin hunturu ya kankama, kuma ba mai kallo sai ya biya a ƙofa. Ellsworth Vines na Amurka ya cinye gasar farko.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da ita, ba ta dawo ba sai 1949. Daga nan ta shiga ganiyarta. Pancho Gonzales ya cinye ta shekara uku a jere daga 1950. Ken Rosewall na Ostareliya ya riƙe ta daga 1960 zuwa 1963, ɗan ƙasarsu Rod Laver ya karɓa daga 1964 zuwa 1967. A waɗannan shekaru, mai son ganin gwanayen duniya na ainihi sai ya je Wembley.

A 1968 aka ɗage takunkumin, aka yarda 'yan sana'a su shiga Wimbledon. Abin da ya zama alheri ga 'yan wasa sai ya zare wa Wembley dalilin kafa ta. Bayan 1971 aka yi shekara huɗu ba a yi ta ba. A 1976 wani kamfanin taba ya farfaɗo da ita, aka laƙaba mata sunan Benson & Hedges, ta sake tashe har John McEnroe ya cinye ta sau biyar. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A 1986 birnin Paris ya fara tasa babbar gasar cikin rufi a daidai wannan lokaci na shekara. Da aka sake tsarin wasannin maza a 1990, Paris da Stockholm suka shiga sahun farko, Wembley ba ta samu shiga ba. A shekarar aka yi ta da sunan wani kamfanin lemo, daga ita ba a sake ba. 'Yan wasanta baƙi ne masu bin inda lada ya fi tsoka, masu ɗaukar nauyinta 'yan kasuwa ne, ranar da riba ta janye kowa ya kama gabansa.

Yanzu mu dawo gida. Kowa a nan ya san daɗaɗɗiyar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato tun zamanin jihadi, da yadda Yakubu Nabame ya yi tawaye a 1849. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan ake ƙirga tarihin bikin. Sai dai su kansa ya girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Sarkin Ruwa da al'adun gyaran ruwa suna nan tun kaka da kakanni. Ashe ke nan an ɗora bikin ne a kan sana'ar da mutane ke ci da ita, da sulhun da suke so ya ɗore.

Ku dubi yadda ake yin gasar. Dubban masunta za su yi sahu a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su auka cikin ruwa gaba ɗaya, makaɗa na cikin jirage suna zuga su. Cikin kamar awa guda an gama, a hau awon giwan ruwa a sikeli. Ga kabanci kuma, da tseren jirage da nutso da kamun agwagwa, ga kokawa da dambe a tudu. A Wembley mutum biyu ke wasa dubbai na kallo. A Matan Fada dubbai ne cikin ruwan, kuma 'ya'yan masunta ne da suka gaji abin. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

To, amma kada mu saki baki. Alamun ciwon da ya kashe ta Landan sun fara bayyana a tamu. Da lada ya yi tsoka, a 2008 an ƙwace kambin daga wanda aka ce ya yi nasara, bayan an gano kifin nasa ba a wurin gasar aka kama shi ba. A 2006 ruwa ya yi ƙaranci har aka hana su. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ambaliya ke sauka fadamun Rima, alhali kuwa a fadama kifi ke hayayyafa. Mafi muni, bayan 2009 an yi shekara goma ba biki, sai a watan Maris na 2020, inda kifin da ya ci ya kai kilo 78. Yaron da aka yaye a shekarar da aka daina, ya kusa gama firamare bai taɓa ganin gasar ba. Bikin da sai gwamnati ta ware kuɗi masu yawa kafin a yi shi, ya fara zama ɗan aro ko a gidan ubansa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin Birnin Kebbi, wasu ma sun riga sun zauna. Muna roƙon abu uku. Na farko, a tsai da lokacin bikin, a yi shi kowace shekara gwargwadon hali, ko da manyan baƙi ko babu. Na biyu, a kula da kogin, a mutunta dokar Sarkin Ruwa ta hana su a Matan Fada kafin ranar gasa, a kuma shawarci masu kula da madatsu tun da wuri. Na uku, mu ɗalibai mu ɗauki alƙalami. Turawa suna da jerin zakarun gasarsu ko da yake ta mutu. Mu je wurin tsofaffin masunta mu rubuta sunayen namu zakarun da nauyin kifayensu, mu ajiye a Gidan Tarihi na Kanta, tun masu tunawa suna raye.

Allah ya raya Kabi, ya albarkaci ruwanta da masuntanta.