Ka gama biyan balas, amma sunan wa ke jikin takarda?

Yau magana zan yi da 'yan uwana matasa na yankin Dambatta, Makoda da Bichi, masu karɓar mashin ko A Daidaita Sahu a kan biya sannu a hankali. Kun san tsarin ai. Alhaji ko bankin maikurofainans ya saya, ya ɗora ribarsa, kai kuma duk sati ka kai balas. Da damina kana gona da safe, da yamma kana kan titi.

To, ranar da ka kai kuɗin ƙarshe, mashin ɗin bai zama naka a takarda ba tukuna. Rasit ɗin saye da takardar shaidar mallaka suna hannun wanda ya ba ka, kuma galibi sunansa ne a jiki. In mutumin nan ya rasu, magada za su iya lissafa keken cikin gado. In ka tashi sayarwa bayan kaka, dillali zai karya maka farashi, ya ce ina takardu?

Ni shawarata, kada ka bar wurin sai da rubutacciyar shaida cewa ka gama biya, da kwanan wata, lambar inji da ta shasi, da sa hannun shaidu biyu. In mai unguwa zai sa hannu, ya fi. Kunya ce ke cutar mu a nan, wai kar a ce ba ka yarda da Alhaji ba. Alhaji ma ai rubuta balas ɗinka yake yi a littafi! Sannan ku je ofishin lasisin ababen hawa a yi canjin suna.

In kuma banki ne, akwai ƙarin aiki. Tun 2016 Babban Bankin Najeriya ya buɗe rajistar kayan jingina ta ƙasa, aka yi mata doka a 2017. Banki na iya shigar da kekenka can a matsayin jingina, kuma gama biya kaɗai ba ya fitar da sunansa. Kai za ka rubuta musu ka nemi su soke. Mai sayen na hannu ma ya sa a bincika rajistar kafin ya zube kuɗi.

Abu ɗaya kuma da 'yan acaɓa da yawa ba su sani ba. Dokar saye ta hanyar haya ta 1965 ta ce in ka biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin abin hawa, misali dubu 600 cikin miliyan 1, mai shi ba zai ƙwace ya sayar ba sai ta kotu. Amma fa in bashin biya uku ya taru a kanka, yana iya ɗauka ya ajiye kafin a shiga gaban alƙali. Kuma kotu rasit za ta tambaye ka, don haka ko na sati ɗaya kar ka yar.