ƘUNAR RANA: ALAMUNTA, MAGANINTA DA RIGAKAFINTA

Mutane da yawa suna zaton rana ba ta ƙona baƙar fata. Wannan kuskure ne. Baƙar fata garkuwa ce, amma ba ta kare mutum ɗungum. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fata, ya kuma fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Gajimare da hazo ba su tare shi duka.

A arewacin Jihar Yobe, watau ƙasashen Dapchi da Gashuwa da Nguru, zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Manomi da makiyayi da masunci a kogin Yobe ko fadamun Nguru duk a rana suke yini, ga ruwa da rairayi suna mayar da hasken a jikinsu. Waɗanda suka fi shiga hatsari kuwa su ne zabiyoyi, da jarirai, da masu shafa man sauya launin fata.

Alamunta

Ƙunar ba ta bayyana sai bayan 'yan sa'o'i. Fata takan yi zafi da raɗaɗi. A jikin mai hasken fata sai ta yi ja, a jikin baƙi kuwa ta ƙara duhu. In ta tsananta sai bororo ya tashi, bayan kwanaki fatar ta saluɓe.

Maganinta

A kai mutum inuwa, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora masa, a ba shi ruwa ya sha da yawa. Farasitamol yana rage raɗaɗi. Kada a fasa bororon, kada a shafa manja ko man goge baki. In akwai zazzaɓi, jiri, amai ko bororo mai yawa, ko kuwa jariri ne, lalle a garzaya asibiti.

Rigakafinta

A yi aiki mai nauyi da sassafe ko da la'asar sakaliya. A sa malafa da riga mai dogon hannu. Wanda ya sami man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, ya shafa kowane sa'a 2. Jaririn da bai kai wata 6 ba, kada a bar shi a rana ko kaɗan.

Batun zabiya ya fi kowanne nauyi, domin ƙuna a kan ƙuna ita ke jawo masa sankarar fata. Kada a tura yaro zabiya kiwo ko talla da tsakar rana. Gyambon da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuya, a nuna wa likita tun da wuri. Akwai Asibitin Tarayya a Nguru. Tun shekarar 2015 duniya take tunawa da zabiyoyi kowace ranar 13 ga Yuni, amma kiyaye su aikin kullum ne a kan iyaye da malamai da masu unguwanni.