JAWABI A KAN AWON JINI NA CUTUTTUKAN DA JIKI KE YAƘAR KANSA

 

Maganarmu ta yau a kan waɗansu cututtuka ne waɗanda sauro ba ya kawo su, kuma ba a ɗaukarsu daga wani. A cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan abubuwa da likitoci ke kira antibodi. Aikinsu gadi ne. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, su kan gane baƙuwa ce, su manne mata har a hallaka ta. To, wani lokaci sai masu gadin nan su rikice, su juya kan masu gida, su kama dukan gaɓoɓi da fata da ƙoda.

Babba cikin cututtukan nan ita ce lufus. Akwai amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu, wanda a ke kira rumatoyid. Akwai mai sa fata ta yi tauri kamar ƙirgi, akwai mai busar da hawaye da yawu. Cikin masu lufus goma, tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Alamunta su ne ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai yawan dawowa, gajiya, zubewar gashi, gyambon baki, da tabo a fuska ko cikin kunne wanda rana ke ƙara tsananta shi. Kun ji ke nan, alamun sun yi kama da na zazzaɓin sauro, da tarin fuka, da sikila. Shi ya sa mace ta kan shekara tana shan maganin zazzaɓi, alhali kuwa ƙodarta na lalacewa ba a sani ba.

A shekarar 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, ya rubuta daga asibitin Ibadan cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Amma a Ingila da Amurka an ga lufus ta fi kama baƙaƙen mata, ta kuma fi taɓa musu ƙoda. Da awon jini ya yaɗu, sai ga likitocin Ikko da na Ankara suna ganinta a kai a kai.

Asalin awon nan ya daɗe. A 1940 Erik Waaler na ƙasar Norwe ya gano alamar rumatoyid a jini. A 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya ga wata irin ƙwayar jini ta masu lufus a madubin likita. Wajen 1957 kuwa George Friou ya yi amfani da wani rini mai walƙiya don ganin antibodi ɗin da kansu. Wannan dabara tasa ita ce tushen awon da a ke rubutawa ANA a takardar asibiti har yau.

Ga yadda a ke yi. A kan ɗebi jini kaɗan a hannu, ba sai mutum ya zo da yunwa ba. A ware ruwan jinin, a ɗiga shi a kan ƙwayoyin jikin mutum da aka shimfiɗa bisa gilashi, a zuba rinin, a duba a madubi. In akwai antibodi masu faɗa da jiki, sai a ga tsakiyar ƙwayoyin na walƙiya kore shar.

Bayan haka sai a yi ta sirka ruwan jinin. Mata masu wanki sun san wannan. In kin jiƙa shuɗi mai ƙarfi, ko kin yi ta ƙara ruwa launinsa na nan. Mai rauni kuwa nan da nan ya ɓace. Haka a ke sirka kashi ɗaya cikin 40, cikin 80, cikin 160, cikin 320, a ga inda walƙiyar za ta ƙare. Lambar da ku ke gani a takarda ke nan, watau 1:80 ko 1:320. Iyakar girman lambar, iyakar yawan antibodi ɗin.

Nan ne wurin da na ke so ku kasa kunne. Fiye da 95 cikin 100 na masu lufus awon nan ya kan nuna akwai. Saboda haka in ya nuna babu, da wuya a ce lufus ce. Amma in ya nuna akwai, magana ba ta ƙare ba tukuna. Wani bincike na 1997 ya samu cewa cikin lafiyayyun mutane 100, wajen 30 su kan nuna a 1:40, wajen 13 a 1:80, biyar kuwa a 1:160. Tsufa na sa ya nuna. Zazzaɓin sauro da tarin fuka da ciwon hanta su ma su kan motsa jini ya nuna, haka kuma waɗansu magunguna, har da isoniyazid na tarin fuka. Ƙa'idar da likitocin Turai da Amurka suka ajiye a 2019 ta mai da 1:80 ƙofar shiga kawai. Sai an haɗa da alamun jiki kafin a kira sunan ciwo. Don haka kada mai lafiya ya kai kuɗinsa ɗakin awo don kansa, ya sayo wa kansa tashin hankali.

In awon farko ya nuna, alamu kuma suna nan, likita zai nemi na biyu don a san wane mai gadi ne ya yi tawaye. Wanda a ke rubutawa dsDNA na lufus ne, ya kan kuma hau sa'ad da ciwon ya taɓa ƙoda. Sm, wanda aka gano a 1966, ba a samunsa ga yawancin masu lufus, amma in an same shi shaida ce mai ƙarfi. CCP na rumatoyid ne, Scl-70 na mai taurara fata. Tare da su a kan auna fitsari, domin fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa su ne kukan ƙoda.

Iyaye mata, akwai biyu da suka shafe ku. Ɗaya sunansa Ro. Ya kan ratsa mahaifa, kuma wajen jarirai 2 cikin 100 na masu shi a kan haife su da jinkirin bugun zuciya. In an sani tun da wuri, a kan riƙa duba zuciyar ɗan tun yana ciki. Na biyu shi ne antifosfolifid, mai sa jini ya daskare a jijiya, ya jawo ɓari a kai a kai. Shi ba a tabbatar da shi sai an sake awo bayan mako 12. Matar da ta yi ɓari sau uku a jere, a kai ta a duba, a daina zargin kishiya ko maƙwabciya, gama wannan yana da magani.

Awon nan yana da tsada, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke yinsa ba. Sau da yawa sai an aika da jinin manyan wurare. Asibitin Korle Bu a Ankara yana da likitocin gaɓoɓi masu wannan aiki. Ku ajiye takardar sakamako da kyau, ku 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye ku riƙa tafiya da ita, don kada a sake biyan kuɗin abin da an riga an sani.

Lufus ba ta warkewa sarai, amma a kan danne ta, mutum ya yi aure, ya haihu, ya ci kasuwarsa. Babban maganinta shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da kuka sani, sai dai mai shansa a kan riƙa duba masa ido. Ƙwayoyin nan na kanti irin su deksametason kuwa, su kan kwantar da ciwo su ɓoye alamu, su jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma barinsu farat ɗaya haɗari ne. Kada a sha su sai da izinin likita.

Wanda ke da 'ya ko mata mai ciwon gaɓoɓi da zazzaɓin da ya ƙi jin magani fiye da mako shida, ya kai ta asibiti, ya gaya wa likita dukan alamun ba ɓoyo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.